Motar da Yaya Ya Bari

Yayana ne ya fara kawo irin motar nan Gwandu. A-kori-kura ce fara, 'yar Kwatano, ya sayo ta da kuɗin albasa a shekarun da ake wahalar mai zamanin soja. Ranar da ya shigo da ita gari, kanikawan tasha suka buɗe bonet suka yi cirko-cirko, don ba su ga kafireta ba, sai wayoyi birjik da ƙananan bututu. Yaya ya ce musu injekta ce, tana da wani akwati da ake kira ƙwaƙwalwa, shi ke auna man da inji zai sha. Babban bakanikenmu, dattijon da tun muna yara yake gyara motocin garin, ya goge hannu da tsumma ya ce, "To, Allah shi ba ta lahiya, don in ta kwanta ban san inda zan taɓa ba."

Ba a jima ba wata 'yar fitila ruwan ɗorawa ta kama a gaban sitiyari, ta ƙi mutuwa. Dattijon ya duba baƙin mai, ya duba ruwa, ya saurari inji, bai ga komai ba. Da fitilar ta dami Yaya, sai ya zare masa ƙwan, aka huta.

Yaya bai shekara da motar ba. A farkon damina ya ɗauki kaya zai kai Kalgo, ruwa ya tare shi tsakanin Kambaza da Dalijan. Akwai wani kwari a nan inda ruwa ke haye hanya, duk direban da ya san wurin yakan tsaya a tudun da ke gabansa, gindin wata tsamiya, ya jira ya janye. Manoman da suka fito bayan an ɗauke ruwa sun ga motar tsaye, gilasai a rufe, mai ita ya jingina kai da kujera. Suka ce barci yake yi, suka wuce gonakinsu. Sai da suka dawo da la'asar suka gan shi yadda suka bar shi, sannan ɗayansu ya buɗe ƙofa. Makulli yana kunne, tanki ya bushe ƙaf. Babu rauni a jikinsa. Waɗanda suka yi masa wanka sun ce fuskarsa ta yi kyau, har da ɗan ja kamar na mai lafiya.

Motar ta zauna a ƙofar gida ƙarƙashin tamfol har matarsa ta fita takaba, har sanyi ya wuce. An so a sayar, ba a samu mai taya ta ba. Ni a lokacin ina tuƙa bas ɗin wani tsakanin Gwandu da Birnin Kebbi. Kawunanmu suka zauna suka ce in ajiye ta mutane in hau ta gida, abin da aka samu a ciyar da matar Yaya da ɗiyansa. Inna, mahaifiyarmu, ba ta so ba, amma ba ta hana ba.

Da bazara na fara. Tun makon farko na gane motar tana shan mai fiye da hankali. Man da Yaya ya ce yana kai shi Kalgo ya dawo da shi lokacin da take sabuwa a hannunsa, ni da ƙyar yake kai ni. Ga shi lokacin da mutum zai wuni a layin gidan mai ya tashi hannu wofi, ya koma wajen 'yan bumburutu. In na taka totur, baƙin hayaƙi ne ke tashi a bayana. Na zaci tanki ne ke yoyo, na shimfiɗa buhun siminti a ƙarƙashinta, gari ya waye babu ko ɗigo. Na zaci sata ake yi, na sa kwaɗo a murfin tanki, ina auna mai da kara da yamma in sake aunawa da safe, yana nan yadda yake. Sai tana tafiya take sha. Dattijon bakanike ya zare fulogai, baƙi ƙirin kamar gindin tukunya. Ya kankare, muka sa, kwana kaɗan suka koma. Muka sayi sababbi, su ma haka.

Wata safiya a teburin mai shayi ina ƙorafi, wani tsohon direban tirela da ya ajiye tuƙi ya dube ni ya ce, "Mota in ta ɗauki kaya masu nauyi, tilas ta sha mai."

Na ce, "Ai ko wayam take, haka take sha."

Ya kurɓi shayinsa ya ce, "Kai dai ba ka ganin kayan."

Ba wanda ya yi dariya. Daga nan na lura da abin da ban lura da shi ba a da. Masu albasar da nake ɗauko wa kaya ba sa shiga gaba. Ko rana tana ƙuna, sun gwammace su hau saman buhuna, ko su biyo ni a bas. Kujerar gefena kullum babu kowa.

Duk da haka bazara ta wuce lafiya. Gilasai a sauke nake tafiya, iska na kaɗa ni, abin da ke damuna mai ne kawai da batir ɗin da ya yi sanyi, wanda in na kashe mota sai an tura ni. Sai damina ta sauka.

Ranar farko da ruwa ya same ni a hanya, na ɗaga gilasai, na kunna fanka don gilashin gaba ya daina yin raɓa. Na ɗan yi tafiya sai kaina ya fara sarawa ta goshi, kunnuwana suka yi dum. Can sai na ji kujera ta motsa. Kujerar doguwa ce, ɗaya ce daga ƙofa zuwa ƙofa, in wani ya zauna a gefe, direba yakan ji ta lotsa. Haka na ji. Ban waiwaya ba. Na ƙura wa waifa mai share gilashi ido, ina karanta duk abin da ya zo bakina, har ruwan ya tsagaita na sauke gilashi. Ina isa Kambaza na tsaya na fita na zagaya motar. Babu kowa. Na ce wa kaina gajiya ce.

Karo na biyu ba motsin kujera kaɗai ba ne. Yaya yana da wata gyaran murya da yake yi kafin ya yi magana, gajeriya, ta hanci. Ita na ji, daf da kunnena na dama. Na jira maganar, ba ta zo ba. Ranar na isa gida da ciwon kai kamar zai rabe, na kasa cin tuwo.

Inna ce kaɗai na gaya wa. Tana zaune bakin ɗakinta tana tsince shinkafa, ta ajiye faifai ta daɗe tana dubana.

Ta ce, "Ya yi maka magana?"

Na ce, "A'a."

"In ya kira ka, kar ka amsa."

Washegari ta aiko da rubutun sha da wani turare, aka turara motar, aka yi sadakar waina. Na sha rubutun, na ci gaba da fita, don ɗiyan Yaya ba za su ci tsoro ba. Sai dai na koma duban sama kafin in ɗauki kaya. In hadari ya haɗo, in ƙirƙiri dalili in zauna.

Ranar da abin ya faru, da rana tsaka na bar Gwandu da albasar ajiya, sama fes. Ina wuce Kambaza gabas ta yi baƙi, kafin in ankara ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya. Na yi ta sauri don in haye kwarin nan kafin ya cika, amma ina zuwa na tarar ruwa ja yana gudu a kan hanya, yana jan itatuwa. Babu wurin tsayawa sai tudun. Na ja na tsaya gindin tsamiyar, a daidai inda na sha wucewa ina kawar da kai.

Na kai hannu ga makulli, sai na tuna batir. In na kashe, wa zai tura ni a wannan daji da kaya cike? Na bar inji yana aiki. Ruwa na dukan rufi, fanka na hurawa. Na ce zan ƙirga bishiyoyin da nake hange don kar in yi tunani.

Ciwon kan ya zo, amma wannan karon bai daɗe ba ya lafa, wani irin daɗi ya biyo baya, kamar na wanda ya wuni yana noma ya sami tabarma a inuwa. Tsoron ma ya tafi. Kujera ta lotsa. Na ji gyaran muryar. A hankali na juya kai, abin da ban taɓa yarda na yi ba.

Yana zaune, da farar rigar da yake sawa ran kasuwa, hannayensa a kan gwiwa, yana kallon gaba ta gilashin da ruwa ke bi. Gefen fuskarsa kawai nake gani. Ya kira ni da wani suna da shi kaɗai yake kirana da shi tun ina rarrafe. Na tuna maganar Inna, amma ko da na so amsawa, harshena ya yi nauyi. Sai ya ce, "Buɗe." Ya sake cewa, "Buɗe mana." Na dubi hannuna a kan cinyata, na umarce shi ya tashi, ya ƙi. Ban ji haushi ba. Na jingina kai da kujera.

Abin da na sani bayan nan shi ne sanyi. Ina kwance a laka, ruwa na zuba a fuskata, ina amai. Wata Bafulatana ce tsaye a kaina, dattijuwa, ta jiƙe sharkaf, ƙwaryar nononta a kife a gefe. Ita ta buɗe ƙofa ta jawo ni ta wuyan riga. Motar tana nan tana kaɗawa, ƙofar direba a wangale.

Da na iya zama, na ce, "Na gode, Goggo. Allah ne ya kawo ki."

Ta leƙa cikin motar, ta zagaya ɗaya gefen, ta dawo. Ta ce, "Ina ɗayan?"

"Wane ɗayan?"

"Mai farar riga. Ina fake can gindin icce, shi ya yi ta bugun gilashi da tafin hannu yana yafuto ni. Da ba don shi ba, mi zai kawo ni wurin motar mutane?"

Na ce mata ni kaɗai ne. Ta dube ni, ta dubi motar, ta ja da baya. Ta ɗauki ƙwaryarta ba ta ko kakkaɓe ba, ta bi ta cikin gero da sauri. Na kira ta ba ta waiwayo ba. Ban sake ganinta ba, ko da yake daga baya na tambaya a rugagen wajen.

Na daɗe zaune a ƙasa kafin in iya tashi. Da ruwan kwari ya janye, na sauke gilasai duka biyu, na shiga, na ja motar. Gida ya fi kusa, amma ban iya juyawa ba, na miƙe gaba kawai, yayyafi na shigo mini, har Kalgo.

Dillalin da nake sauke wa albasa ya ga laka a jikina da idanuna ja, ya zaunar da ni, ya sa aka kawo mini ruwa. Ban ba shi labarin mai farar riga ba. Na ce jiri ne ya ɗebe ni, kuma motar ta ishe ni da shan mai. Ya ce akwai wani bakanike bayan tasha, ɗan garin ne, ya daɗe yana aiki a Legas, bai jima da dawowa ba, an ce ya san irin waɗannan. Ya raka ni da kansa.

Mutum ne siriri mai furfura a gemu, ba ya son yawan magana. Ya sa na tayar da inji, ya je baya ya tara tafin hannu a bakin salansa, inda hayaƙi ke fita, ya shinshina, ya yamutsa fuska. Ya zauna a kujerar direba, ya kashe, ya murɗa makulli rabi, ya dubi fitilun da suka kama.

Ya ce, "Akwai wadda ba ta kama ba. Ina take?"

Na gaya masa an zare ƙwan tun zamanin marigayi Yaya, mai motar na farko. Ya kwance murfin, ya nemo ƙwai a cikin wani gwangwani ya sa. Sannan ya buɗe bonet, ya ɓalle wani ɗan akwati baƙi a gefen inji, ya lanƙwasa guntun waya ya soka bakinta biyu a ciki. Ya ce in zo in gani.

Fitilar nan ruwan ɗorawa tana ƙiftawa. Ta ƙifta, ta tsaya, ta sake ƙiftawa, ta yi shiru, sannan ta maimaita daga farko, daidai wa daida. Inji a kashe, ba wanda ke taɓa komai. Bayan abin da na gani da rana, sai na ji kamar wani ne a ciki yake ta ƙoƙarin faɗar abu ɗaya. Bakaniken yana ƙirgawa da leɓe.

Ya ce, "Ta faɗi inda ke mata ciwo. Tun bara take faɗi."

Ya jira inji ya huce, ya zura hannu can ƙasa inda bututun hayaƙi ya fito daga inji, ya kwanto wani ƙarfe mai kama da fulogi, da waya a gindinsa. Kansa ya toshe da baƙin gawayi. Ya ɗora mini a tafin hannu.

"Sunansa oksijin sensa. Ni hanci nake ce masa. Shi ke shinshina hayaƙi ya gaya wa ƙwaƙwalwa ko mai ya yi yawa ko ya yi kaɗan. In ya ce ya yi kaɗan, sai ta ƙara. Wannan ya mutu, kullum ƙari yake nema. Amma bari mu ga abin da ya kashe shi."

Ya mayar da shi, ya sa na tayar, ya toshe bakin salansa da tsumma na ɗan lokaci. Nan take muka ji wani tsit-tsit daga gefen inji. Ya haska da tocila. Bututun ya tsage ta bayansa, wajen da ido ba ya kaiwa, tsaga mai tsawon yatsa, gefenta duk baƙi. Ya ce ta nan iska ke shiga ta ruɗi hancin, ya ɗauka mai ya yi kaɗan, har gawayin man da ya yi yawa ya toshe shi. Yana cikin bayani sai ya hango wani abu. Ya matsar da tocilar sama kaɗan. Daidai saitin tsagar akwai rami a jikin ƙarfen da ya raba inji da mazaunin direba, robar da ke toshe shi ta ruɓe ta faɗi. Ya zagayo ya kunna fanka, ya sa fuskarsa a inda iska ke fitowa, ya janye da sauri.

Ya ce, "Kana rufe gilashi a motar nan?"

"In ana ruwa."

"Kanka na ciwo?"

Na ce yana yi. Ya dube ni da kyau, ya dubi lakar da ta bushe a rigata. Ya ce, "Mai motar na farko, da ka ce ya rasu, a ina ya rasu?"

Na gaya masa. Ya zauna a kan wata tsohuwar taya, ya yi salati. Ya ce hayaƙin injin da mai ya yi masa yawa guba ne, kuma mafi munin abin da ke cikinsa ba shi da wari. Ya ce a Legas ya san wasu da suka kwanta a mota inji na aiki, ba su tashi ba. Mutum ba ya jin yana mutuwa, barci yake ji, wani ma har ya riƙa ganin abubuwa.

Jin haka sai na ba shi labarin duka, da kujera, da gyaran murya, da farar riga. Ya ce hayaƙi ne, ba shakka. Sai na gaya masa abin da Bafulatanar ta ce, ita da take waje cikin ruwa ba ta shaƙi komai ba. Ya daɗe yana juya tocilar a hannunsa. Ya ce, "Wannan ban sani ba." Ya tashi ya aika a kira mai walda.

A Kalgo na kwana. Aka kwance bututun aka yi masa walda, aka toshe ramin da sabuwar roba. Hancin ne ba a samu ba, ko a Birnin Kebbi. Sai da wani mai zuwa Kano ya samo mana na wata mota da ta yi hatsari, bayan an fara yankan gero. Ranar da aka ɗaura shi, fitilar ta mutu da kanta, baƙin hayaƙin ya ɗauke, mai ya koma kai ni Kalgo ya dawo da ni har da saura. Na canza batir. Na yi shekaru ina tuƙa motar, ruwa ya sha dukana a cikinta, ban ƙara jin kujera ta lotsa ba. Masu albasa dai ba su taɓa yarda sun shiga gaba ba har na rabu da ita.

Dattijon bakanikenmu ban gaya masa ba. Ya ga fitilar ta dawo, ya tambaya, na ce na Kalgo ne ya mayar. Inna kuwa na gaya mata komai. Ta saurara har ƙarshe, ta ce, "Allah shi jiƙan shi," ta shiga ɗaki ta rufe ƙofa.

Matar Yaya ce na fi jin nauyi. Na yi kwanaki ina ɗagawa. Wata yamma na same ta tana wanke-wanke a tsakar gida, ɗiyan sun tafi makarantar allo, na tsuguna nesa kaɗan na yi mata bayanin tsagar da ramin da hayaƙin. Ban ambaci mai farar riga ba. Ta tsame hannu daga ruwa.

Ta ce, "Ya sha wuya?"

Na ce, "A'a. Ni na je har bakin wurin. Kamar barci ne bayan gajiya."

Ta gyaɗa kai. Can ta ce, "Ka ce kai yana ciwo, mutum ya kasa cin abinci?"

Na ce haka ne.

Ta ce a makonnin ƙarshe, duk ranar da aka yi ruwa, Yaya yakan dawo ya wuce ɗaki ba magana, ya ture tuwon da ta kai masa, ya juya wa bango fuska. Ta tambaye shi ko ta yi masa laifi ne, ya ce ta ƙyale shi. Ranar da zai fita ta ƙarshe ma ba su yi wata magana ba. Tun daga ranar take ɗauke da cewa ya tafi yana fushi da ita, kuma ba ta san a kan mi ba. Ba ta taɓa gaya wa kowa ba.

Ta sa gefen zane ta share fuska, ta daɗe a haka. Da aka kira magariba ta miƙe, ta ɗauraye hannu, ta tambaye ni ko in ci a nan ko a kai mini ɗaki. Na ce a nan zan ci.